Gonar da Ba Ta Taka Ƙasa

A jikin ginshiƙin ɗakina akwai tsaga bakwai,
da wuƙar gyaran kifi na yi su.
Kowace tsaga, iyakar ruwan wata shekara ce.
Ta farko a idon sawu take,
ta bara a ƙuguna ta tsaya
kamar baƙon da ya hango shimfiɗa.

Ni ce Morjina, daga kudancin Bangaladash,
inda koguna ke zuwa su miƙa wa teku wuya.
Da can teku ke zaune yana jira.
Yanzu shi ke yin tattaki ya zo gaisuwa,
gishiri cike da aljihu,
ya barbaɗa a rijiya, ya barbaɗa a shinkafa,
ya lashi saiwar kwakwa har ta sunkuya.

Jikana Tuhin ya sauko daga makaranta,
wadda yanzu jirgin ruwa ce mai rufi da allo,
ya ce, "Kaka, Malama Anjoli ta ce
ko yau aka kashe kowace wuta a duniya,
zafin nan ba gobe zai tafi ba."
Na ce, wannan ai ba sai da boko ba.
Janye itace daga murhu, ka taɓa dutsen ka ji.
Teku tukunya ce mai zurfin ciki,
tana haɗiyar zafi tun kakanka na da haƙora.
Hayaƙin da ya hau sama kuwa
bai tafi da tsanin saukowa ba.

Balle ma ba a janye itacen ba.
Uban yaron nan, Shohidul, yana gefen Dhaka
yana gasa bulo a gindin dogon bututu.
Kuɗin da yake aikowa da ƙaurin gawayi suke iso ni,
da su na ɗaga daɓe, da su na sayi kwano.
To wa zan zaga?
Sai dai shi kara ɗaya yake turawa.
Masu gungumen suna nesa, a ɗaki mai sanyi,
suna taro, suna ɗage taro,
mu ruwa bai taɓa ɗage mana ba.

Bimol maƙwabcina ne.
Shi da addininsa, ni da nawa,
ambaliya ba ta tambayi kowa ba.
Shi ya tuna dabarar kakarsa:
kainuwar da muke tsine wa don ta toshe wa kwalekwale hanya,
muka tara ta, tuli bisa tuli,
muka tattake, muka bari ta ruɓe,
muka ɗaure da gora kada ta yi yawon dare.
Cikin curin taki muka binne irin kuɓewa,
kabewa, alayyafo, barkono.
An ce kainuwa dashen Allah,
mu kuma muka yi dashe a bayanta.
Ruwa ya hau, gona ta hau.

Kajina na sayar, na sayi agwagi.
Ruwan sama muke tarewa a randa, muna auna shi kamar mai.
In 'yar Bimol ta ratsa gari da lasifika,
ba mai tsayawa neman takalmi:
sai dogon benen nan mai ƙafafu,
mu da awaki da jarirai.
Ba duka muka tsaya ba.
Gida tara sun kwashe, kare kawai suka bari.

Kabarin mijina yana ƙarƙashin ruwa wata biyar a shekara.
Daidai kansa nake kafa gorar gonata,
in tsinki kuɓewa, in ba shi labari.

Jiya Tuhin ya ɗauki wuƙar,
ya ce, "Ta takwas a ina za ta faɗa?"
Na ce, ajiye.
Zo ka riƙe min igiya,
kabewa ta yi nauyi, gonar na karkata.